Zauren Na'urorin Gida: Idan allon kyamara ya ɓoye lambobinsa

A watan jiya, ranar sunan ɗiyar ƙanenmu, aka danƙa mana kyamarar gida domin mu ɗauki hoton dangi. Muka kunna ta, ta kama, amma allon bayanta ya ƙi nuna lambobin da ya saba nunawa: babu saurin ɗauka, babu faɗin ƙofar haske, babu ISO. In an ɗauki hoto sai ya bayyana na ɗan lokaci, sa'an nan allo ya koma baƙi, ga rana ta take, ba a iya tantance kome. Da yamma muka tarar haske ya cinye fuskokin dattawa, domin ashe an bar kyamarar a kan saitin dare. Suna kuwa ba a maimaita shi. Gwaggonmu da ta yi doguwar tafiya ta koma gida ba ta da hoto ko ɗaya na kirki.

Washegari har mun yi niyyar kai ta wurin mai gyara, sai muka zauna muka bi ta a tsanake. Abin da muka gano shi ne, allon da ke nuna hoto amma ya ɓoye lambobi yawanci lafiyarsa lau. Wanda ya ga haka ya fara danna maɓallin MENU, ko mai alamar kibiya na duba hotuna. Muddin wani abu ya fito, allo bai mutu ba.

Daga nan sai a nemi maɓallin da aka rubuta wa DISP ko INFO. Aikinsa shi ne sauya abin da allo ke nunawa, kuma a kyamarori da yawa ɗaya daga cikin sauye-sauyen shi ne kashe allon. Yaro mai wasa, ko babban yatsan mai ɗauka, yana iya taɓa shi ba da sani ba. A danna shi sau uku ko huɗu, ana dubawa.

Idan bai yi ba, a duba kusa da ƴar tagar da ake kafa ido. Wasu kyamarori, irin su Canon EOS 400D ta shekarar 2006 da 450D ta 2008, suna da ƙaramin ma'auni a ƙarƙashinta wanda ke kashe allo da zarar fuska ta matso, don kada haske ya dami ido. Kyamarorin zamani marasa madubi su ma suna da irinsa. Ma'aunin ba ya bambance fuska da datti. Wannan ce ta same mu: ƙurar hunturu da maiƙon hannu sun toshe shi, ya ɗauka kullum akwai ido a wurin. Muka share shi da auduga busasshiya, nan take lambobi suka dawo.

Saura abu uku. A tabbata babu igiyar HDMI ko AV a jikinta, domin kyamarori da dama suna mayar da hoto ga talabijin su bar allonsu duhu. A kashe ta, a cire batir na minti ɗaya, a mayar. In duk ya faskara, a shiga MENU a maido da saitin asali, abin da ake rubutawa Réinitialiser da Faransanci. Wannan ba ya goge hotunan da ke cikin kati.

Sai in MENU ma ya ƙi fitowa ne za a nufi mai gyara. Muna gargaɗi kada kowa ya kwance ta da kansa, domin ma'ajin wutar filasha yana riƙe kimanin volt 300 ko bayan an cire batir.

Wanda abin ya rutsa da shi ana tsakiyar taro, ya leƙa tagar ido ya ɗan taɓa maɓallin ɗauka, zai ga lambobin a ciki. Da mun tuna da wannan, da Gwaggo ta tafi da hotonta. Da na sani ƙeya ce. Saboda haka a jarraba kyamara tun jajibirin biki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.