Ɓeran Ɗakin Gwaji Da Jiƙon Gargajiya

Tun kaka da kakanni, idan idon mutum ya yi ɗorawa aka ce shawara ce ta kama shi, akan nufi daji a haƙo saiwar rawaya, ko a sassaƙo maɗaci, a jiƙa masa ya sha. Wannan sani ba ƙarami ba ne, har ma wani Bature, Dakta Dalziel, ya tattara sunayen itatuwanmu ya buga su a littafi cikin 1916. A yau 'yan'uwanmu ɗalibai masu nazarin harhaɗa magunguna suna ɗaukar waɗannan itatuwa zuwa ɗakin gwaji, su jarraba su a kan fararen ɓeraye. Mu muna goyon bayan wannan aiki, amma muna da magana a kan yadda ake karanta sakamakonsa.

Ga yadda gwajin yake. Akan busar da ganye ko sassaƙe a inuwa, a daka, a tatso ruwansa. Sai a kasa ɓeraye kashi-kashi. Kashi ɗaya a bar su lafiya lau. Sauran a ba su abin da zai ɓata hanta, watau gubar kabon tetarakulorayid ko farasitamol mai yawan gaske. Daga cikinsu wasu a ba su ruwan itacen, wasu a ba su silimarin, maganin da akan auna sauran da shi, wasu kuwa a ƙyale su. Bayan 'yan kwanaki a ɗebi jini a auna sinadaran ALT da AST, waɗanda kan tsiyayo cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun fashe, sa'an nan a yanki hantar a dube ta da madubin likita.

Amfanin wannan a fili yake. Hanta ba ta da saurin kuka, sai ɓarna ta yi nisa mai ita yake sani. Kuma ba kowane tsiro ne ke da sauƙin kai ba. A Jamaika, cikin shekarun 1950, likitoci sun gano cewa wani shayin ganyen daji ne ke toshe jijiyoyin hantar yara. A arewacin Indiya an danganta mutuwar yara da cin 'ya'yan rai ɗore, tsiron da ke bayan gidajenmu. Ta ɗaya gefen kuma, a jikin ɓeraye ne Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tabbatar da ƙarfin ganyen tazargade a kan zazzaɓin cizon sauro cikin 1971, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Gani ya kori ji.

To, amma fa ɓera ba mutum ba ne. Ciwon hantar da ke cin mutanenmu galibi na ƙwayar cutar hepatitis B ne, ita kuwa wannan ƙwaya ba ta kama ɓera. Saboda haka itacen da ya kare hantar ɓera daga guba bai nuna kome ba game da ita. Ko inda aka yi gwaji da kyau akan sha mamaki. A Amurka, cikin 1993, wani magani mai suna fiyaluridin ya tsallake gwajin dabbobi, amma da aka ba mutum 15 masu wannan ciwo, 5 suka mutu saboda hantarsu ta daina aiki.

Duk da haka, je ka tasha ko bakin kasuwa ka ji mai lasifika yana rantsuwa cewa jami'a ta gwada maganinsa. Lambar hukumar NAFDAC da yake nunawa a jikin kwalba, galibi shaida ce ta cewa ba a ga cutarwa a gwajin farko ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Talaka ya sha wata da watanni, ba ya zuwa asibiti sai ciki ya kumbura. Laifin ba na mai talla kaɗai ba ne. Idan kusan kowane kundin kammala digiri ya ƙare da cewa itacen yana kare hanta, lalle sai mu tambayi kanmu ina sakamakon waɗanda ba su kare ba ya shiga.

Abin da muke kira gare shi kaɗan ne. A kai kowane tsiro wurin masanan tsirrai su tabbatar da sunansa kafin a fara aiki. A auna gubarsa kafin a auna amfaninsa. A rubuta sakamako ko da bai yi daɗi ba, domin sanin cewa itace ba ya magani shi ma ilmi ne. A kula da dabbobin, kada a kashe ko ɗaya a banza. A ambaci mai maganin da ya nuna itacen, a ba shi haƙƙinsa. Wanda kuwa ya nuna alamar alheri, a kai shi ga gwajin mutane bisa ƙa'ida, kamar yadda cibiyar NIPRD ta Abuja ta yi da Niprisan, maganin amosanin jini.

Ku kuma 'yan'uwanmu da ke ma'aikatun lafiya da na ilmi, a hannunku takardun kuɗin bincike ke bi. Idan gwaji ya tsaya a kan ɓera saboda rashin kuɗi, marasa lafiya ne za su zama ɓerayen masu lasifika.