Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sadarwa Kan Masu Sana'ar Kare Sirri a Intanet

Mai girma Minista,

Matashin da ya kafa kamfanin VPN ko na imel mai rufa asiri a Najeriya yau, dokoki biyu ne suke jansa, kowacce ta nufi gabanta. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce kada ya tara bayanan mutane fiye da buƙata, kuma kada ya riƙe su fiye da lokacin da ya kamata. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuwa ya wajabta wa masu ba da hidima su adana bayanan masu hulɗa da su da na zirga-zirgarsu har shekara biyu, su miƙa wa jami'an tsaro idan an nema. Wanda ya saɓa na iya shan ɗaurin shekara uku, ko tarar naira miliyan bakwai. To, hajar wannan matashi ɗaya ce tak: alkawarin cewa ba ya ajiye sawun kowa. In ya cika alkawarin yana iya kwana a gidan yari, in ya bi sashe na 38 ya sayar wa mutane ƙarya.

Lauya zai ce babu cin karo, tun da dokar 2023 ta yarda a riƙe bayanai idan wata doka ta tilasta. Haka ne. Amma ke nan hukuncin shi ne sana'ar ta haramta ga ɗan ƙasa, kuma ya kamata a faɗa a fili kafin mutum ya zuba jarinsa. Domin mutane ba su manta da Yunin 2021 ba, lokacin da aka dakatar da Twitter, Antoni Janar Abubakar Malami ya ba da umarnin gurfanar da masu kauce wa haramcin, alhali ba a nuna dokar da suka taka ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma wanda ya san abin da masu garkuwa da mutane suke yi da waya ba zai raina ta ba. Sai dai a dubi Indiya. A 2022 ta umarci kamfanonin VPN su adana bayanai na shekara biyar, sai ExpressVPN da NordVPN da Surfshark suka kwashe na'urorinsu daga ƙasar, suka ci gaba da hidima daga ƙetare. Mai laifi bai rasa mafaka ba, hukuma ce ta rasa ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. A Amurka ma, a 2013, neman mutum guda, Edward Snowden, ya kai ga neman mabuɗin da zai buɗe wasiƙun masu amfani da kamfanin imel na Lavabit kimanin 400,000, mai kamfanin Ladar Levison ya gwammace ya rufe shi.

Tun da hukumar sadarwa ta NCC da Hukumar Kare Bayanai duk suna ƙarƙashin ma'aikatarka, ina roƙon ka sa su fitar da ƙa'ida guda a rubuce. Ta bayyana ko kalmar "mai ba da hidima" ta haɗa da irin waɗannan kamfanoni, ta kuma tabbatar cewa ba za a karɓi bayanan kowa ba sai da umarnin kotu mai ɗauke da sunan wanda ake zargi, ba mabuɗin kowa da kowa ba. Inda gyaran ya fi ƙarfin ma'aikata, a kai shi gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa.

Huta lafiya.