"Su Suka Jawo" Ba Hujja Ba Ce

Duk sanda aka ji wani yaro Musulmi ya daɓa wa mutane wuƙa a Landan, ko ya bi ta kan taro da mota a Faransa, kafin a gama kwashe gawa hukunci ya fito a teburin mai shayi da shafukan Facebook: "Ai su suka jawo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya aike su Iraƙi? Me ake yi a Gaza?" Masu faɗin haka galibi mutanen kirki ne, masu sallah da azumi. Amma maganar ɓata ce, kuma ta daɗe tana cin mu.

Ba na musun zaluncin. Mamayar Iraƙi da Bush da Blair suka yi a 2003 bisa ƙaryar makaman ƙare-dangi tana wuyansu har gaban Allah. Yaran da gine-gine suka danne a Gaza su ma suna da masu amsa tambaya a kansu. Sai dai jinin fasinjan da aka kashe a tasha yana wuyan wanda ya kashe shi, da malamin da ya hure masa kunne, kuma mai nema masa uzuri yana da nasa kaso.

Mu duba ɗanmu na gida. Ranar 25 ga Disamba, 2009, Umar Faruk Abdulmutallab ya hau jirgin Northwest daga Amsterdam zuwa Detroit da bam ɗinke a cikin kamfai. A jirgin akwai mutum kusan 290. Bam ɗin bai tashi ba, wuta ce ta kama shi, fasinjoji suka danne shi. Ba talauci ne ya tura shi ba. Ɗan Alhaji Umaru Mutallab ne na Funtuwa, tsohon shugaban First Bank, ya yi karatun injiniya a jami'ar UCL ta Landan, kafin ya tafi Yaman ya faɗa hannun su Anwar al-Awlaki. A kotu ya ce ramuwa ya yi niyya saboda Musulmin da Amurka ke kashewa. To me Musulmi suka samu? A Janairun 2010 aka sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake tsananta wa mutanensu bincike, ɗalibi da ɗan kasuwa da majinyaci kowa ya sha wulaƙanci a filin jirgi. Jirage marasa matuƙi suka ƙara ruwan wuta a Yaman. Shi kuma aka ɗaure shi rai-da-rai a 2012.

Wanda ya fi kowa fahimtar inda alhaki yake a wannan labari shi ne mahaifin. A watan Nuwamba na 2009 ya je ofishin jakadancin Amurka a nan Abuja ya ce ɗansa ya canza, a lura da shi. Uba ya kai ƙarar ɗan cikinsa don kada a kashe 'ya'yan wasu. Bai tsaya yana lissafin laifin Amurka ba, alhali ya san shi kamar yadda muka sani.

Wanda ya karɓi biza ya shiga ƙasar mutane ya ɗauki amana: an ba shi aminci, shi ma ya ba da aminci. Malaman fiƙihu sun daɗe da rubuta cewa ba ya halatta ya ci wannan amana a jini ko a dukiya. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna lafiya ƙarƙashin sarki Kirista. Addininmu bai yarda a kama wani da laifin wani ba. A Nice, ranar 14 ga Yuli, 2016, wani ya bi ta kan taro da mota ya kashe mutum 86, kuma kimanin talatin cikinsu Musulmi ne. Wace ramuwa ce wannan?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan hujjar ita ce wuƙar da ake yanka mu da ita. A Fabrairun 2006, zanen ɓatanci da aka buga a Denmark ya sa aka ƙona coci-coci aka kashe maƙwabta a Maiduguri. Bayan 'yan kwanaki aka bi Hausawa a Onitsha ana kashewa, masu kisan suna cewa ai 'yan'uwansu ne suka jawo. A Maris na 2025 aka ƙona mafarauta 16 a Uromi suna hanyar komawa Kano yin sallah, saboda laifin masu garkuwa da mutanen da ba su taɓa sani ba. Mu da ke Yangoji, bakin titin Abuja zuwa Lokoja, kullum muna ganin tireloli na gangarawa Kudu da shanu da albasa, samari zaune a saman kaya sun rufe fuska da rawani saboda iska. Kowannensu baƙo ne a inda za shi. Duk wanda ya halatta a kashe Bature a titi saboda gwamnatinsa, ya halatta a tare waɗannan samari saboda ɗan bindigar da ke daji. Haka ma ɗan siyasar Turai da ke ɗora laifin mutum ɗaya a kan Musulmi miliyoyi, da wannan mudun yake awo.

Ba a ce a yi shiru ba. A 15 ga Fabrairu, 2003, kimanin mutum miliyan suka cika titunan Landan suna ƙin yaƙin Iraƙi, yawancinsu ba Musulmi ba. A Disambar 2023 Afirka ta Kudu ta maka Isra'ila a kotun duniya. A Janairun 2015, Lassana Bathily, Musulmi ɗan Mali, ya ɓoye Yahudawa a ɗakin sanyi na shagon da yake aiki a Paris lokacin da ɗan bindiga ya shigo. Wannan saurayi ya kare mutuncin Musulunci fiye da duk mai ɗaura bam.

Malamai, ku faɗi hukuncin cin amana a kan mumbari ba tare da kun liƙa masa "amma" ba. Iyaye masu 'ya'ya a waje, ban da kuɗin makaranta ku riƙa tambayar wane malami yaro ke saurara a waya, da su wa yake zama. Mu kuma na majalisa, idan aka zo da labarin kisan wanda bai ji ba bai gani ba, mu kira shi kisa, ko wane ne ya yi, ko a ina aka yi.