Filin Kimiyya da Sana'a: Distirbuta, mai rabon wuta a tsohuwar Fijo

A wannan mako za mu leƙa ƙarƙashin bonet. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Haɗeja zuwa Guri ko Kirikasamma da damina ya ga yadda tsohuwar mota ke ratsa ruwa lafiya, ta hau tudu, sai ta mutu. A ambaliyar 2020 da ta 2022 mun ga irin haka da yawa. Sau da dama laifin ba na fetur ba ne, danshi ne ya shiga distirbuta.

Mu ɗauki Fijo 504, wadda kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa a da. Batirinta bolt 12 ne, kuma wannan ba zai kunna fetur ba. Koyil ne ke ɗaga shi ya haura bolt 10,000, ta hanyar da muka koya a darasin fizis: idan aka katse lantarki a naɗin waya na farko, maganaɗisun ya rushe, sai wuta mai ƙarfi ta tashi a naɗi na biyu. Kwantak da ke cikin distirbuta ne ke yin katsewar, rota kuma ta juya tana miƙa wa filogi huɗu wuta bi da bi: 1, 3, 4, 2. Ruwa ko datti kaɗan a murfin ya isa ya sa wutar ta zirare ta wata hanya.

To, yaya ake cirewa? Da farko mu kashe mota, mu cire wayar batir mai alamar ragi. Mu rubuta lamba a jikin kowace wayar filogi, sannan mu ɓalle maƙalai biyu mu ɗaga murfin. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Kafin mu taɓa sifana, sai mu yi alama biyu da fenti: ɗaya inda bakin rota ke kallo, ɗaya inda jikin distirbuta ya haɗu da injin. Bayan haka mu cire ƙaramar wayar koyil da siririn tiyon iska, mu sassauta noti, mu zaro ta a hankali. Muddin tana waje, kada kowa ya juya injin, domin alamominmu za su tashi a banza.

Wajen tsabtacewa, busasshen tsumma ya isa murfin. Mu ɗaga shi a haske: idan akwai tsaga ko baƙin layi kamar zanen fensir, canji yake so. Mu duba ɗan gawayin da ke tsakiya ko ya cinye. Bakin rota da fuskokin kwantak a goge su da samfefa mai laushi, a share ƙurar. Ratar kwantak idan ya buɗe sosai kusan milimita 0.4 ce, kuma da ma'auni ake gwadawa, ba da ido ba. Giris ɗan mitsitsi a jikin sandar da ke buɗe kwantak ya wadatar. Idan ya yi yawa zai taɓa kwantak ya hana wuta.

Mayarwa kuwa, alama ta hau kan alama, kowace waya ta koma gidanta. Idan an kuskure, mota za ta ƙi tashi, ko ta riƙa harbi ta kafireto, ko ta yi zafi tana shan mai.

Gargaɗinmu: kada ɗayanmu ya gwada a motar baba shi kaɗai. A wannan hutun mu nemi izinin iyaye, mu je garejin unguwa, mu gaida oga, mu roƙe shi ya ba mu tsohuwar distirbuta mu kwance a gabansa. Wanda ya riƙe rota da hannunsa ba zai manta darasin koyil a ɗakin jarrabawa ba.

Mako mai zuwa sai kafireto, in Allah ya kai mu.