Martani: Karan Gona Ba Shara Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce auna sinadaran karan gona kafin a yi makamashin itanol da shi ɓata lokaci ne, wai a kafa masana'anta a Sakkwato kawai, tunda kara na nan zube kyauta. Ban yarda ba.

Wa ya ce maka kyauta ne? Ka leƙa Kasuwar Kara da rani ka ga yadda masu kiwo ke cinikin harawa ɗauri-ɗauri. Karan dawa da na gero su ne dangar gida, su ne abincin shanu, abin da ya rage kuma taki ne.

Sannan ba duk ragowar gona ce iri ɗaya ba. Ɓuntun shinkafar Goronyo kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, wadda ba ta zama itanol. Karan da ya sha raɓa ya jiƙe, ruwa za ka saya da kuɗinka. Shi kuwa lignin, sinadarin da ke taurara kara, in ya yi yawa sai ya hana sukarin da ake yin itanol da shi fita. Tsohon gwajin ɗakin bincike kwanaki yake ci. Na'urar hasken infirared kuwa cikin mintuna take nuna yawan toka da ruwa da lignin, muddin an daidaita ta da samfurin karanmu na nan.

Wannan daidaitawar ce aikin da ya kamata ka nema wa kuɗi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana nan tun 1982. A ba ta na'urar ta fara auna kara, kafin a ari kuɗin gina masana'anta.