Sharhi: Takardar lafiyar mota da hakikanin lafiyar jif 'yar Kwatano a Jos

Motocin jif 'yan Kwatano irin su Toyota Highlander da Honda CR-V sun zama abin hawan iyalai da dama a Jos. Ana bukatar kowacce ta mallaki takardar shaidar lafiyar mota daga jami'an VIO, sai dai takardar ba ta da amfani idan an bayar da ita lokacin sabunta takardu ba tare da an duba motar ba.

Matsalolin wadannan motoci sanannu ne: birki da ya cinye, shokozoba da ta mutu, lagireto mai yoyo, da tsatsar karkashi, musamman a motocin da suka fito daga yankunan Amurka da Kanada inda ake zuba gishiri kan titi lokacin dusar kankara.

A gangaren Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, raunin birki na iya lakume rayukan iyali guda.

Jihar Legas ta fara gwajin motoci da na'urar kwamfuta tun 2017. Duk da haka, kafin sayen mota, ya kamata magidanci ya sa amintaccen makanike ya duba karkashinta, ya kuma karanta lambobi hudu da ke jikin taya, masu nuna makon da shekarar da aka kera ta.