RA'AYINMU: Ƙuri'a Shaida Ce, Kujera Amana Ce

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a cikin matakan mulki uku na Nijeriya babu wanda ya kai ƙaramar hukuma kusanci da talaka, kuma babu wanda muka yi wa riƙon sakainar kashi kamarta. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da hanyoyin cikin gari, ya kuma ba su hannu a ilimin firamare, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma. Manomin da ke noman rani a bakin madatsar ruwa ta Watari, a Ƙaramar Hukumar Bagwai, ba lallai ne ya taɓa ganin sanata ba, amma kansilansa maƙwabcinsa ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci.

Wanda yake ganin hanya da sufuri ƙaramin al'amari ne, ya tuna da 30 ga Nuwamba, 2021, ranar da jirgin ruwa ya kife a Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa rayuka masu yawa, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Mun yi imani da ƙaddara, amma imani da ƙaddara bai sauke wa kowa nauyin da aka ɗora masa ba. Wakili na gari shi ne wanda zai riƙa kai kukan irin waɗannan ƙauyuka gaba tun kafin musiba ta auku.

Mun san hujjar masu ƙaurace wa zaɓe, kuma ba za mu ce ba ta da tushe ba. A zaɓukan ƙananan hukumomi na Jihar Kano na 2018 da 2021, jam'iyyar APC mai mulki a lokacin ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 kakaf. Da mulki ya koma hannun NNPP, ita ma ta kwashe su duka a zaɓen 26 ga Oktoba, 2024. Hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ita ke gudanar da zaɓen, gwamna kuwa shi ke naɗa shugabanninta. Don haka mutane ke cewa an gama rabo tun kafin a buɗe rumfa.

To, amma darasin da ke cikin wannan ba zaman gida ba ne. Idan wanda jam'iyya ta tsayar shi ne yake hawa kujera, ashe ke nan ana yanke hukunci ne a taron mazaɓa, ranar da ake fitar da ɗan takara. A nan ne ake rasa mutanen kirki, a bar fili ga 'yan kore da masu jakar kuɗi. Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya jira ranar zaɓe ya makara.

Ga kuma wani dalili. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci a takarda ba ya zartar da kansa. Kuma duk ranar da kuɗi ya iso hannun maras tsoron Allah, ɓarnar ce kawai ta matso kusa da gida.

Ga mai zaɓe muna cewa: ƙuri'arka shaida ce kake bayarwa cewa wane ya cancanta. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ko an saye ta da buhun taki, ko da turmin atamfa, ko da taliya. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya sha yin kira ga Musulmi maza da mata su yi rajista su yi zaɓe. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 18 ya yanki kati, maigida kuma kada ya hana iyalinsa. Haka nan tura yara ƙanana layin zaɓe ha'inci ne, ko wa zai amfana.

Ga mai son takara muna cewa: Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci, ya kuma faɗa wa Abu Zarrin cewa amana ce da za ta zama nadama ranar Alƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Amma Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, domin ya san yana da amana da sanin aiki. Abin zargi shi ne kwaɗayi. Hanya mafi aminci ita ce dattawa da malamai da matasan Romo, ko Gogori, ko Kiyawa su zauna su nemo wanda suka sani da gaskiya da iya aiki, su tsayar da shi, su ɗauki ɗawainiyar takararsa. Wanda ya ci bashi ya sayi kujera, daga baitulmali zai biya.

Muna kuma gargaɗin malamanmu: mumbari ba dandalin jam'iyya ba ne. A bayyana siffofin shugaba na gari, a bar mutane su auna. Bayan zaɓe kuma a riƙa zuwa sakatariya ana tambayar abin da ya shigo da inda aka kashe shi, cikin ladabi, ba tare da tsoro ba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin ƙanmu, Ya sa mu zama mabiya masu faɗa musu gaskiya. Amin.